Abin da kyamara ke gani a filin ƙwallo da abin da ke kuɓuce mata

Duk wanda ya saba zama a gidan kallon ƙwallo ya san wannan shirun. An zura ƙwallo, ɗaki ya kaure da ihu, wasu har sun haye benci, sai a ga alƙalin wasa ya ɗora yatsa a kunne ya ɗaga ɗaya hannun. Minti ɗaya, minti biyu, sai a nuno fili da layuka biyu a kwance a ce an yi satar gida. Nan take musu zai ɓarke, wannan ya ce na'ura ba ta ƙarya, wancan ya ce an saye ta. Su biyun duka sun ɗauka abu ɗaya ne ake kira VAR, wato tsarin duba hukuncin alƙalin wasa ta bidiyo. A gaskiya na'urori uku ne ke aiki a manyan filaye, ɗakin duba bidiyo da na'urar layin raga da ta auna satar gida, kowace da irin tambayar da take iya amsawa, kowace kuma da inda take tuntuɓe. Wanda bai raba su ba zai yi ta ɗora wa ɗaya laifin ɗaya.

Tushen komai shi ne kyamarorin gidan talabijin. A babban wasa, kyamara ta ɗaya tana can sama a rumfar 'yan kallo, daidai saitin layin tsakiya, kuma ita ce ke ba da hoton fili mai faɗi da muke kallo mafi yawan lokaci. A gefenta akwai ta biyu mai dogon ido, wadda ke janyo wanda ke riƙe da ƙwallo kusa. Akwai wasu biyu a saitin layin yadi 18 na kowane ɓangare, wasu a bayan raga sama da ƙasa, da mutum ɗaya ko biyu da ke goye da kyamara suna bin gefen fili. A wasan ƙarshe ko na kofin duniya ana ƙara Spidercam, wadda ke lilo a kan wayoyi huɗu da aka ɗaure a kusurwoyin rufin filin. Manyan kyamarorin duk a gefe ɗaya ake jera su, domin idan aka haɗa da hoton ɗaya gefen, ƙungiyar da ke kai hari zuwa dama za ta koma kamar hagu ta nufa, mai kallo ya rikice. Wayoyinsu duka suna zubewa a motar watsa shirye-shirye da ke ajiye a bayan fili, inda darakta ke zaɓen hoton da zai fita, masu maimaici kuma suna yanko abin da ya wuce cikin daƙiƙoƙi.

Ɗakin VAR daga waɗannan kyamarori yake shan ruwa. A gasar kofin duniya ta 2018 a Rasha, alƙalan da ke zaune a ɗaki ɗaya a Mosko suna da hoton kyamarori 33 na kowane wasa, takwas daga ciki masu tafiyar hawainiya, huɗu kuma waɗanda suka fi su jinkiri. A Katar a 2022 adadin ya kai 42. Abin da wannan ke nufi shi ne, idon alƙalin ɗaki bai wuce idon gidan talabijin ba. A watan Satumban 2022, Arkadiusz Milik ya ci wa Juventus ƙwallo da ka a ƙarshen wasa da Salernitana, VAR ta soke ta bisa satar gida, aka tashi 2-2. Bayan an watse sai wani hoto ya fito yana nuna Antonio Candreva na Salernitana a tsaye can kusa da tutar kwana, ya fi ɗan Juventus ɗin da aka ce ya yi satar gida kusa da layin raga, wato babu satar gida ko kaɗan. Hoton da ke gaban alƙalan ɗakin ya yanke wannan kusurwar. Sun ja layinsu daidai a kan hoton da suke da shi, hoton ne bai cika ba.

Na'urar da ta fi kowace tsafta ita ce ta layin raga, saboda tambaya ɗaya tak aka ɗora mata: ƙwallo ta tsallake layi gaba ɗayanta ko ba ta tsallake ba. Abin da ya karya taurin kan FIFA a kanta kowa ya san shi. Ranar 27 ga Yunin 2010 a Bulumfonten, a kofin duniya na Afirka ta Kudu, Jamus na gaban Ingila da 2-1, bugun Frank Lampard ya daki sandar sama ya faɗa can cikin raga ya dawo, duniya ta gani a talabijin, alƙalin wasa da mai tutarsa ba su gani ba. A Yulin 2012 hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallo ta amince da na'urar, gasar Firimiyar Ingila ta fara amfani da ta kamfanin Hawk-Eye a kakar 2013/14. Tsarin shi ne kyamarori bakwai a kan kowace raga, goma sha huɗu ke nan, an kafa su can sama ba sa motsi. Kafin wasa an riga an koya wa kwamfuta inda layi da turaku suke. Kowace kyamara tana nemo ƙwallo a cikin hotonta, kwamfuta ta haɗa bayanan ta fitar da wurin da ƙwallon take a sarari, kamar yadda idanu biyu ke ba mutum nisan abu. Idan ta tsallake, agogon hannun alƙalin wasa zai girgiza cikin daƙiƙa ɗaya. Zanen da ake nuna mana daga baya don mai kallo ne kawai, hukunci ya riga ya wuce.

Ƙarfinta ya bayyana a Janairun 2019, lokacin da John Stones na Manchester City ya kwaso ƙwallo daga bakin raga a wasa da Liverpool, saura milimita 11 da ɗan ɗoriya ta gama tsallakewa. City ta ci wasan 2-1, ta kuma ɗauki kofin kakar da tazarar maki ɗaya, 98 da 97. Babu idon ɗan Adam da zai iya raba wannan. Rauninta kuma ya fito ranar 17 ga Yunin 2020 a Villa Park, inda golan Aston Villa ya kama ƙwallon Sheffield United ya faɗa da ita cikin raga, agogo bai girgiza ba. Kamfanin ya ba da haƙuri, ya ce jikin gola da na ɗan baya da turke sun tare wa kyamarorin gani, abin da bai taɓa faruwa ba a wasanni sama da 9,000. Babban kuskuren ranar ma ba na kyamara ba ne. Ɗakin VAR yana da hoton da ke nuna ƙwallo a ciki, amma kowa ya saki jiki cewa tunda agogo bai yi motsi ba, babu komai. Aka tashi babu ci, Villa ta tsira daga faɗuwa da maki ɗaya a ƙarshen kaka. La Liga kuwa ta daɗe tana ƙin sayen wannan na'ura, shi ya sa a Afrilun 2024 aka rasa hoton da zai tabbatar ko ƙwallon Lamine Yamal ta shiga ragar Real Madrid.

A satar gida ne lissafi ke fara santsi, kuma a nan ya kamata a daɗe. Don a yanke hukunci sai an amsa tambaya biyu a lokaci guda: yaushe aka buga ƙwallon, kuma ina kowa yake a wannan ƙiftawar. Bidiyo ba ruwa ba ne mai gudana, jerin hotuna ne a tsaye, falle bayan falle. Kyamarar da aka daɗe ana amfani da ita wajen wannan aiki a Ingila tana ɗaukar falle 50 a daƙiƙa ɗaya, wato tsakanin falle da falle akwai kashi biyu cikin ɗari na daƙiƙa. Doka ta ce a duba lokacin da ƙafar mai bayarwa ta fara taɓa ƙwallo. Sau da yawa wannan lokacin yana faɗawa ne a tsakanin falle biyu: a na farko ƙafa ba ta iso ba, a na biyu ƙwallo ta riga ta fara tashi. Dole mai aiki ya zaɓi ɗaya. To, ɗan gaba mai gudun kilomita 30 a awa yana cin kusan santimita 17 a wannan ɗan tsakanin. Idan ɗan baya kuma yana fitowa a guje don ya bar shi a satar gida, tazarar ta ƙaru. Saboda haka duk hukuncin da aka yanke a kan santimita biyu ko uku da irin wannan kyamara, an yanke shi ne da ma'aunin da bai kai wannan laushin ba. Masu ƙorafi a kan wannan suna da gaskiya, ko da ba su iya lissafin ba.

Sai matsalar kusurwa. Kyamara ba kasafai take daidai saitin ɗan baya na ƙarshe ba, kuma abin da ke sama da ƙasa, kamar kafaɗa ko kai, yana bayyana a hoto a wani wurin da ba nan yake ba. Shi ya sa ba a jan layi a kan kafaɗa kai tsaye. Mai aiki zai ɗora alama a kan gaɓar da ta fi kusa da layin raga, ya tabbatar da ita ta wata kyamarar, sannan ya sauko da layi a tsaye daga gaɓar zuwa ciyawa, a can ƙasa ake gwada na ɗan gaba da na ɗan baya. Ana lissafa kai da jiki da ƙafa, ba a lissafa hannu, har na gola, kuma iyakar hannu ita ce ƙasan hammata. Ga riga mai faɗi, ga hoton da gudu ya dusar, ga mutum uku sun cakuɗe. Ina hammata ta ƙare? Hannun mutum ne ke ɗora wannan ɗigon. Ko filin kansa ba shimfiɗe yake kamar tebur ba, ana ɗan tada tsakiyarsa don ruwa ya gangara, shi ya sa ake daidaita kyamarori da kowane fili kafin a fara wasa. Da Ingila ta ga ana soke ƙwallaye a kan yatsan ƙafa, sai daga kakar 2021/22 ta ƙara kaurin layukan, idan sun hau juna a bar wa ɗan gaba. Wannan amincewa ce a fakaice cewa ma'aunin yana da iyaka.

Na'ura ta uku, wadda ta yi suna a Katar, an ƙera ta ne don ta toshe waɗannan kafofin biyu. An rataye kyamarori 12 na musamman a ƙarƙashin rufin fili, suna bin gaɓoɓi 29 a jikin kowane ɗan wasa, sau 50 a daƙiƙa. A tsakiyar ƙwallon Al Rihla ta Adidas kuma an ɗaure wata 'yar na'ura mai jin motsi, tana aika bayani sau 500 a daƙiƙa, har caji ake yi wa ƙwallayen kafin wasa. Da wannan, lokacin bugu ya daina zama zaɓin ido. Kwamfuta ke kawo falle da layi, alƙalin ɗaki ya duba ya tabbatar, sannan a fitar da zanen nan mai kama da katun. Minti uku da fara wasan buɗe gasar ta soke ƙwallon Enner Valencia na Ekwado a ragar Katar. Ita ce kuma ta nuna kan Cristiano Ronaldo bai taɓa ƙwallon Bruno Fernandes ba a wasa da Yurugwai, domin ƙwallon ba ta ji wani bugu ba a hanya.

Amma ko ita ba ta gama magana ba. Za ta ce wane yana gaba da ɗan baya, ba za ta ce ya shiga wasa ba. Ko ya tare wa gola gani, ko ya hana ɗan baya kai wa ga ƙwallo, ko ɗan bayan da ƙwallo ta fito daga jikinsa da gangan ya buga ta ko dukansa kawai ta yi, duk wannan mutum ne ke yankewa. Idan kuma aka cunkushe a gaban raga a bugun kwana, kyamarori kan kasa raba gaɓar wane da ta wane, sai a koma jan layi da hannu.

Akwai darasi na dabam a ƙwallon Japan da Sifaniya ranar 1 ga Disamban 2022. Kaoru Mitoma ya kwaso ƙwallo daga layin bayan raga, Ao Tanaka ya zura, Jamus ta fita daga gasar a sanadiyyar wannan sakamako. Hotunan da aka fara nunawa a talabijin duk sun nuna ciyawa tsakanin ƙwallo da layi, mutane suka rantse ta fita. Ƙwallo kuwa dunƙulalliya ce: gindinta na iya sauka a waje alhali cikinta na leƙe a saman layi, kuma doka ta ce sai dukanta ta wuce. Kyamarar da ke saitin layin ce kaɗai ke iya nuna wannan. Hukuncin daidai ne, amma an bar mai kallo a duhu, hoton da ya kamata a nuna nan take sai daga baya ya fito. Laifin watsa shiri ne ya koma kan alƙali.

Yanzu ga inda mafi yawan rigima take. Ƙa'idar da IFAB ta shigar cikin doka a Maris ɗin 2018 ta taƙaita VAR ga abu huɗu: ƙwallo ta ciwu ko ba ta ciwu ba, fenareti, jan kati kai tsaye, da ba wa wani katin da na wani ne. Ko a cikin waɗannan, sai kuskuren ya fito fili ƙarara, ko kuma wani babban abu ya faru alƙali bai gani ba. Alƙalin ɗaki yana duba kowane irin wannan lamari a ɓoye ba tare da an tsayar da wasa ba. Idan abin na aune-aune ne, kamar satar gida ko an yi ƙeta a ciki ko wajen yadi 18, zai faɗa a kunne a karɓa. Idan na ra'ayi ne, kamar tsananin ƙeta ko taɓa ƙwallo da hannu, sai ya ce wa na fili ya je allo ya gani da idonsa, domin hukuncin ƙarshe na mai usur ne.

'Yan Najeriya sun ɗanɗana wannan ta kowane ɓangare. A wasa da Aisland a kofin duniya na 2018, ranar da Ahmed Musa ya ci biyu, allo ne ya ba Aisland fenaretin da Gylfi Sigurdsson ya ɗaga sama. Kwana huɗu bayan nan a San Fitasbag, ana 1-1 da Ajantina, sakamakon da zai wuce da Najeriya, ƙwallo ta fito daga kan Marcos Rojo na Ajantina ta sauka a hannunsa. Alƙali Cüneyt Çakır na Turkiyya ya je allo ya kalla, ya ce babu fenareti, Rojo ɗin nan kuma ya ci ta biyu a minti na 86. Kyamara ta nuna taɓawar, babu mai musu. Abin da ba ta iya nunawa shi ne niyya, dokar lokacin kuma a kan ganganci ta tsaya. Ƙara kyamara ɗari ba zai raba wannan gardamar ba. Shi ya sa aka yi ta gyaran dokar hannu a 2019 da 2021, har yau kuma ba ta kwanta ba.

Hoton tafiyar hawainiya ma yana da nasa sharri. Abin da ya faru cikin ƙiftawar ido, idan aka miƙe shi ya kai daƙiƙa biyar, sai ya zama kamar ɗan wasa ya tsaya ya yi shawara kafin ya taka ƙafar abokin hamayya. Ƙa'ida ta san da haka: ta ce a yi amfani da hoton jinkiri don gano inda aka taɓa, a yi amfani da gudun asali don auna ƙarfin ƙeta. Alƙalin da ya iso allo ya tarar da hoto a daskare, takalmi a kan ƙwauri, an riga an karkata masa zuciya kafin ya ga yadda abin ya faro. Jerin da mai maimaici ya zaɓa ya nuna, da wanda ya fara sakawa, wani ɓangare ne na hukuncin, kuma ba kasafai ake maganarsa ba.

Wani abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne komawa baya. Ranar 7 ga Fabrairun 2024 a Buwake, a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka, Victor Osimhen ya zura ƙwallon da za ta mayar da wasa 2-0. Aka kira alƙali allo, ya soke ta, ya ba Afirka ta Kudu fenareti, Teboho Mokoena ya farke. Zafi ne ƙwarai, amma ƙa'ida ce. Duk ƙwallon da aka ci, ana bin harin tun daga inda ƙungiyar ta karɓi ƙwallo, kuma wannan harin ya faro ne daga ƙetar da aka yi wa Percy Tau a yadi 18 na Najeriya. Da ba don allon ba, da an wuce da kuskure biyu a dunƙule. Haka aka yi wa Chiamaka Nnadozie, mai tsaron ragar Najeriya, a kofin duniya na mata a 2019 a wasa da Faransa: fenaretin Wendie Renard ya daki turke, kyamara ta nuna ƙafar Nnadozie ta bar layi kafin bugu, aka sake bugawa aka ci. Dokar ba ta yi sassauci ba, kyamara kuwa ba ta da kawaici irin na ido.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne wanda babu ruwan na'ura a ciki. Ranar 30 ga Satumban 2023, Luis Díaz ya ci wa Liverpool a gidan Tottenham, mai tuta ya ɗaga. A ɗakin VAR na Stockley Park da ke yammacin Landan aka ja layi daidai, aka ga babu satar gida. Sai dai alƙalin ɗakin ya ɗauka a fili an ba da ƙwallon ne, don haka ya ce an gama dubawa, bai faɗi abin da ya tabbatar ba. Na fili ya ji wannan a matsayin tabbatar da tuta, ya busa aka ci gaba. Cikin daƙiƙoƙi suka gane, amma ƙa'ida ta hana komawa irin wannan hukunci da zarar an sake take wasa. Kalma biyu da ba a ƙara ba suka cinye ƙwallo halattacciya. Gyaran da aka yi bayan nan ba na kyamara ba ne, na baki ne: dole a furta hukuncin fili da na ɗaki a fili, mataimaki ya amsa, kafin a rufe magana.

A Afirka tambayar ta fi zama ta kayan aiki. Kofin Afirka ya fara VAR a Masar a 2019 daga wasannin daf da na kusa da na ƙarshe, sai a Kamaru aka yi ta a dukan wasanni 52. Kafin nan an ga abin da rabin shiri ke jawowa. A wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka ranar 31 ga Mayun 2019 a Tunisiya, an soke ƙwallon Wydad a ragar Esperance, 'yan Wydad suka nemi a duba allo, ashe na'urar ba ta aiki. Suka ƙi ci gaba, wasan ƙarshe na nahiya ya watse ba a kai minti 90 ba. Duk gasar da ke sha'awar VAR, har da ta Najeriya, lissafinta ba daga allo yake farawa ba. Yana farawa ne daga kyamara aƙalla huɗu a kowane wasa na kowane mako, da wutar da ba ta ɗaukewa, da fitilun da suka isa kyamara ta ga ƙafa da yamma, da hanyar magana tsakanin ɗaki da kunnen alƙali, da alƙalai da masu maimaici da aka horar. Idan a fili ɗaya akwai, a wani babu, an raba ƙungiyoyin gasa ɗaya gida biyu.

Don irin waɗannan gasanni FIFA ta fito da wani tsari mai sauƙi, ta gwada shi a kofin duniya na mata 'yan ƙasa da shekara 20 a Kolombiya a 2024. Babu alƙalin ɗaki da ke duba komai. Kowane koci yana da damar neman a duba sau biyu a wasa, alƙali ya je allo a bakin fili tare da mai maimaici ɗaya, idan kocin ya yi gaskiya damarsa na nan, idan bai yi ba ta ragu. Da kyamara uku ko huɗu, wannan tsari ba zai raba satar gida ta santimita biyar ba, kuma ba a gina shi don haka ba. Zai kama ƙwallon da ta shiga da taku guda aka ce ba ta shiga ba, da naushin da aka yi a bayan alƙali, da fenaretin da aka ba da a kan ƙetar da aka yi a waje da yadi 18, irin kurakuran da ke sa 'yan kallo su diro cikin fili.